Motar da ba ta ciwo sai da dare

Ni Ba'adare ne, haifaffen Tawa, amma fiye da rabin rayuwata a Yamai na yi. Ina da shekara goma sha huɗu mahaifiyata ta sa ni a mota ta damƙa ni ga ƙanenta, wanda ke aikin wutar mota a wata rumfar kwano kusa da kasuwar Katako. A hannun Kawu na koyi naɗin alternata, na koyi kwance demara, wato na'urar da ke tayar da inji, in wanke in mayar, na koyi neman waya mai rai da fitilar gwaji, wato ƙwan fitila guda da jelar waya biyu. Motocin da ke shigo mana a wancan zamanin 504 ne da 505 da Hilux da Land Cruiser, waɗanda wayoyinsu za ka iya ƙirga su da yatsu. Kawu, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: mas mas ne, in fitilar gwaji ta kama, ɗaura. Mas ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma bateri bayan ta gama aikinta. A motocin Kawu maganar nan gaskiya ce tsantsa. Ita ce kuma ta kusa zubar mini da mutunci a gaban surukina a watan Disamba na 2023.

Surukina, wanda nake kira Baba, bafataken albasa ne. Tun kafin a haifi ɗiyarsa da nake aure yake kai da kawo tsakanin Galmi da Yamai da Tawa. Kaya a manyan motocin haya yake ɗora su, amma shi kansa yana yawo ne a wata Peugeot mai shan gazuwal, injin 1.6 HDi, ƙirar 2012, da aka shigo masa da ita ta Kwatano. Tun da ya saye ta ni ke kula da wutarta, kuma bai taɓa yarda in yi masa aiki kyauta ba. Baba ba ya son tafiyar rana. Yakan bar Yamai tun cikin dare, don kafin gari ya waye ya wuce Dosso, ya ci kilomita ɗari da arba'in ɗin nan da sanyi. Sai dai ido ya fara tsufa. Kekunan jakai ba su da fitila, shanu kuma ba su san titi ba. Wata Alhamis ya zo gareji da kwali a hammata, fitilu biyu ne na LED da ya sayo a Konni, kowace wat 18, ya ce a ɗaura masa a gaba. Ya ce kuma da safe motar na nauyin tashi.

Na sa mita a bateri inji na aiki, bolt 12.3. Alternata ba ya caji yadda ya kamata. Muka sauke shi, na sauya masa gawayi da regilata, muka mayar, mita ta nuna 14.2. Fitilun ma muka ɗaura su ni da ƙaramin yarona, wanda duk gareji ke kira Auta. Muka sa masu fisibil nasu, wato fis, da rile mai sakar masu wuta, da maɓalli a gefen sitiyari. Aka kunna, suka haske bangon maƙwabta fes. Baba ya biya ya tafi, ni kuma na wanke hannu a gurguje saboda ana jirana jana'izar wani dattijon unguwarmu bayan la'asar.

Kwana huɗu bayan nan waya ta tashe ni ana shirin sallar asuba.

"Ka tashi lahiya? Ga ni gab da Dogon Dutse. Motar nan ta rubuta wani abu da Faransanci, kuma ta ƙi tahiya."

Yaron da ke raka shi ya karanta mini rubutun: Risque colmatage filtre à particules. Ma'ana matatar hayaki na shirin toshewa. Ga fitilar inji a kunne, ga mota ta ƙi wuce juyi dubu uku ko an take ta har ƙasa. Na ce su tsaya su yi salla, su bar ta ta huta, su sake tayarwa. Da rana ta fito suka tayar, rubutu ya ɓace, ƙarfi ya dawo. Ta kai su Tawa lafiya, ta yi kwana uku tana yawon gari babu ko tari. Ranar dawowa suka tashi da duhu, kafin su kai mararrabar Tsarnawa rubutun ya sake fitowa.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan motoci ba, bari in faɗi abin da ake nufi da matatar nan, wadda duk makaniken Yamai ke kira fap. Wata tukunya ce a kan hanyar salansa. Cikinta kamar saƙar zuma yake, ƙananan ramuka dogaye jere da juna, wannan an toshe shi ta gaba, na kusa da shi an toshe shi ta baya. Hayaki in ya shiga ba shi da mafita sai ya ratsa bangon ramin, kunkunniyar gazuwal kuma ta maƙale a ciki. Peugeot ce ta fara sa ta a motar kasuwa, a 607 a shekarar 2000, kuma da dokar rage hayaki ta Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009 sai ta zama dole a kusan kowace motar gazuwal. Shi ya sa yawancin motocin gazuwal da ake kawo mana yanzu da ita suke zuwa. In kunkunniya ta taru, kwamfutar mota, wadda muke kira kalkilata, takan ƙara fesa gazuwal a ƙarshen bugun inji don hayaki ya yi zafi ya ƙone ta. Kunkunniya ita kaɗai tana son zafin da ya kai digiri 600. Irin ta Baba tana da wani ƙaramin tanki na magani mai suna Eolys da ake ɗigawa cikin gazuwal, shi ke sa ta ƙone tun wajen digiri 450.

To, kalkilata ba ta da ido a cikin tukunya. Yadda take sanin ta cika shi ne ta bakin wani ɗan kapta da bai kai akwatin ashana biyu ba. Tiyo biyu ke shiga cikinsa, ɗaya daga gaban matata, ɗaya daga bayanta, yana auna bambancin matsin hayaki a tsakaninsu. In tukunya a buɗe take, bambancin kaɗan ne. In ta cika, sai ya hau. Wayoyi uku gare shi: ɗaya ta kawo masa bolt 5 daga kalkilata, ɗaya mas, ɗaya kuma ita ce bakinsa, ta nan yake ba da labari. In inji a kashe yake, babu hayaki, labarin da zai bayar wajen rabin bolt ne, kalkilata kuma ta fassara shi da sifiri. Duk wannan na san shi tun kafin ranar. Na sayi balis, wato na'urar da muke jonawa a ƙarƙashin sitiyari mu karanta cikin mota, tun 2019, kuma ina alfahari da cewa na fi yawancin sa'o'ina iya karanta ta.

Da Baba ya dawo Yamai ya kawo motar da hantsi. Na jona balis. Lambobi biyu ta ajiye. P2463, wato kunkunniya ta taru da yawa. P2453, wato abin da kapta ke faɗi bai yi kama da abin da ya kamata ba. Na duba lissafin da ke gudana. Inji a kashe, miliba, wato ma'aunin matsin, sifiri, wani lokaci ɗaya. A ralanti, wato inji na aiki ba a taka shi ba, tara. Na sa Auta ya taka zuwa juyi 2500, ya hau arba'in da biyar ya tsaya. Duk wanda ya san aikin zai ce maka wannan matata ce mai lafiya. Amma akwai wani layi da ya ɗaure mini kai: motar da a da takan yi ɗaruruwan kilomita kafin ta ƙone kunkunniyarta, yanzu ba ta cika ɗari ba take sake farawa.

A nan na fara ɓata. Lambobi biyu ne a gabana, na ɗauki wadda na saba gani na bar ɗayar. Kuma ina da dalili. Cikin motoci goma da ake kawo mini da wannan rubutu, kusan duka toshewar gaske ce. An ƙera abin nan don mutumin da ke hawa babban titi ya yi rabin awa yana gudu. Mu kuwa ma'aikaci ya tashi daga Harobanda, ya tsaya a cunkoson gadar Kennedy, ya isa ofis inji bai ko gama ɗumi ba, ya kashe. Ƙonawa ta fara ta katse, ta fara ta katse. Ga man inji da ake zuba masu ko wane iri, alhali suna son mai marar toka da yawa, irin wanda aka rubuta wa C2 ko C3 a jikin galan. Kunkunniya tana ƙonewa, amma tokar mai da ta magani ba ta ƙonewa, nan take zama har sai an wanke. Saboda haka da na ga P2463 sai zuciyata ta ce, ai kuwa, mota mai shekara goma sha ɗaya, lokacinta ne ya yi. Ban tsaya na tambayi kaina ba yaya motar da ke cin kilomita ɗari biyar da hamsin a tafiya guda za ta toshe kamar ta ɗan ofis. Ban kuma tambayi kaina me aka taɓa mata na ƙarshe ba, ga shi ni ne na taɓa.

Na goge lambobin, na fitar da motar tsakar fili nesa da tayoyi da jarkoki, na umarci kalkilata ta balis ta yi ƙonawar dole. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da mota tana wannan aiki ba ba zai gane ba. Inji ya ɗaga murya shi kaɗai babu mai taka shi, fanka na ihu, wani wari kamar na ƙarfen maƙera ya cika wurin, ƙasar da ke ƙarƙashin salansa har ta sauya launi. Mai shayin bakin gareji ya janye bencinsa. Da aka gama, ralanti ya sauko shida. Na ce wa Baba an gama, na karɓi jika goma, wato sefa dubu goma.

Mako bai cika ba ya sake kira, wannan karon daga Birnin Gaure.

Sai na sauke tukunyar gaba ɗaya. Yini guda muka yi, kusoshin sun ci wuta sun kafe, ɗaya ya karye sai da muka kai wa mai walda. Muka kai ta wurin wankin mota aka bi ta da ruwa mai ƙarfi ta baya. Ina tsaye ina jiran in ga toka na malala kamar kunu, sai wani ɗan ruwa ja-ja ya fito na ɗan lokaci, daga nan fari tas. Yaron wankin ya dube ni ya ce, "Patron, wannan ai ba ta da datti." Na ce masa ya yi aikinsa. Muka shanya ta kwana biyu a iskar hunturu muka mayar. Jika ashirin da biyar. Na busa tiyo biyun nan da bakina, babu toshewa, babu tsagewa. Na ce to, ko kapta ne ya gaji. A lokacin iyakar Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kayan mota sun yi wuya, abin da ke akwai kuma ya yi tsada. Na zagaya Katako na samo na hannu a jika goma sha biyar, na sa. Lissafinsa da na tsohon ɗaya ne sak, wanda ya isa ya gaya mini tsohon ba shi da laifi. Na mayar da motar ina fatan alheri, wanda ba aikin mai gyara ba ne.

Karo na huɗu Baba bai kira ba. Yaronsa ya aiko da motar da makulli, ba tare da saƙo ba. Duk wanda ya san dattijan Adar ya san wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Da dare uwargida ta ajiye mini tuwo ta zauna gefe, can ta ce, "Inna ta ce wai Baba na tambaya ko akwai wani mai gyara da ka sani." Ban iya cin tuwon ba.

Washegari na ja sandar gwajin mai don kawai in ga hannuna na wani abu. Mai ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa. Na shafa a yatsu, ya tsinke kamar ruwa, na sunsuna, gazuwal. Gabana ya faɗi. Duk lokacin da kalkilata ta fesa gazuwal don ƙonawa, wani yakan zirara ta bangon silinda ya gangara cikin mai. In sau ɗaya ne a kilomita ɗari biyar, babu komai. Amma motar nan ta yi makonni tana ƙona abin da babu, ni kuma na ƙara mata da ƙonawar dole. Mai irin wannan shi ke cinye turbo, in ya yi yawa ma inji kan iya fara shan man kansa ya yi ta gudu ko an zare makulli. Wato ina nan ina wasa da matata, injin surukina ne ke kan hanyar mutuwa.

Wani abokin sana'a ya leƙo, ya ji labari, ya yi dariya. Ya ce in daina wahalar da kaina, a yanka tukunya a fasa saƙar a zubar, a walde, a kai kalkilata a goge mata labarin fap gaba ɗaya, jika ɗari da hamsin an wuce wurin. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na sha yi wa mutane haka, musamman wanda tasa ta narke kuma ba shi da kuɗin wata. Amma ba na son aikin. Motar da aka yi wa haka in ta taka a gabanka kana kan babur, kai ke shaƙar abin da tukunyar ke riƙewa, kuma tun 2012 masu binciken sankara na hukumar lafiya ta duniya suka sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Ban da wannan ma, na ga cikin tukunyar nan da idona, lafiyarta lau. Yaya zan fasa abu mai lafiya? Duk da haka, wallahi, a yammacin nan na riga na yanke cewa in gari ya waye ban gano komai ba, zan kira Baba in ce a fasa. Da na yi haka rubutu zai ɓace, kowa ya ce na iya aiki, ainihin ciwon kuma ya zauna a ɓoye har ranar da zai ƙone wani abu.

Tun watan Agusta na shekarar aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, saboda haka ɗaukewar wuta ta zama abincin yau da kullum a Yamai. Ranar ma ana kiran magariba aka ɗauke. Muka yi salla a kan tabarmar gareji. Ina zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, kontak a buɗe, inji a kashe, balis a kan cinyata tana nuna sifirin nan da na gaji da kallo. Auta na tattara sufanu a duhu, ya rasa lamba goma, wadda kullum ita ke ɓata. Ya ce, "Maigida, don Allah kunna mini fitilun Alhaji in duba ƙarƙashin benci." Na miƙa hannu na danna maɓallin da ke gefen sitiyari.

Sifiri ya koma 68.

Na zaci idona ne. Na kashe fitilun, sifiri. Na kunna, 68. Inji a kashe, babu hayaƙi ko na sigari a cikin salansa, amma kapta na rantsuwa akwai matsi. Na yi haka ya fi sau goma, har Auta ya ce in tsaya haka nan ya ga abin da yake nema. Na kunna fitilun mota na asali su kaɗai, lissafi bai motsa ba. Sababbin nan biyu ne kawai. A take komai ya jeru a kaina: Dogon Dutse kafin asuba, Tsarnawa da duhu, Birnin Gaure da duhu. Da rana ta fito Baba kan kashe fitilunsa, mota ta warke. Ni kuma duk gwajin da na yi, da rana tsaka na yi shi.

Na ɗauko mita da tocilar waya. Na soka allura a bayan filogin kapta, kan wayar labari. Fitilu a kashe, bolt 0.5. A kunne, kusan 0.8. Na koma kan wayar mas ɗinsa, na auna tsakaninta da ƙafar bateri. A kashe, kusan babu komai. A kunne, 0.3. Wayar da ya kamata ta zauna a ƙasa daram, ta tashi sama. Kapta ba ƙarya yake ba. Yana auna tsayinsa ne daga inda ƙafarsa take, an kuwa sa masa dutse a ƙarƙashin ƙafa. Kalkilata ta ga ƙarin sulusin bolt, ta fassara shi da miliba kusan saba'in, ta haɗa da na gaskiya. A ralanti inda take jiran tara sai ta ga kusan tamanin, ta ce tukunya ta cika maƙil, ta shiga ƙonawa, ta gama ta ga lissafi bai sauka ba, ta sake, daga ƙarshe ta rubuta wa Baba wasiƙa ta rage masa ƙarfi.

Muka bi baƙar wayar fitilun da hannu, daga bayan bamba zuwa cikin inji. Ba ta je jikin ƙarfe ba. Ta shige cikin damin wayoyin inji, inda aka tsaga rigar damin aka feɗe wata siririyar waya aka murɗa ta a kai. Mas ɗin kapta ce. Ita wannan ba irin mas ɗin Kawu ba ce. Ba ta taɓa jikin mota, kai tsaye take komawa cikin kalkilata, kuma an yi ta ne don wutar da ba ta kai ta ƙwan tocila ba. Fitilu biyu masu wat 18 suna jan wajen amfa uku. Duk wannan wuta ta yi makonni tana bi ta cikin siririyar wayar nan tana ratsa cikin kalkilata kafin ta koma bateri. Roban wayar ya yi tauri ya yi duhu a wurin. Yadda kalkilatar ba ta ƙone ba, wannan sai dai in ce Allah ya rufa asiri, don a lokacin ko da kuɗi a hannu samun irinta a Yamai sai an sha wuya.

Na juya kan Auta. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita a nan ba. Na ce shekara biyu yana gareji bai san bambancin wayar kapta da ta fitila ba, na ce ya kusa jawo mini asarar da mahaifinsa ba zai iya biya ba. Yaron ya sunkuyar da kai har na gama. Sannan a hankali ya ce, "Maigida, ni rile na ɗaura da maɓalli. Mas ɗin kai ka yi, lokacin da aka aiko kiranka jana'iza. Ka ce kusoshin jikin mota sun yi nisa, wayar ba za ta kai ba."

Na haska tocila a kan ɗaurin. Salatif ɗin an naɗe shi hawa uku, an ja ƙarshensa an tsinke da hannu, an lanƙwasa ɗan bakin ciki don a ji daɗin warwarewa wata rana. Babu mai ɗauri haka a garejin nan sai ni, ni ma a wurin Kawu na gani. Sai ga abin ya dawo mini tiryan-tiryan: waya ta gaza da kamar taƙi guda, ana ta kirana a waya, na maƙala fitilar gwaji a kan bateri, na soka bakinta a wayar da ta fi kusa, ta kama, na ɗaura. Laifi tudu ne. Makonni uku ina zargin tukunya, ina zargin kapta, har na fara zargin gazuwal ɗin da Baba ke sha a hanya, ga shi yanzu na zagi yaron mutane a kan aikin hannuna. Na ce, "Auta, ka yafe mini." Ya ce babu komai, amma bai ɗago ba. Na san akwai komai.

Gyaran bai kai rabin awa ba, da tocila a baki. Na yanke wurin da ya ƙone na yi masa dalma, na rufe da roba mai tsukewa da zafi, na mayar da rigar damin. Na ƙara wa wayar fitilun tsawo da waya mai kauri, na sa mata zobe, na kankare fenti a jikin ƙarfe har ya yi ƙyalli, na ɗaure da kusa. Na kunna fitilu, sifiri. Na kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, da fanka da duk abin da ke jan wuta a motar, sifiri. Da safe na zubar da man nan mai warin gazuwal, na zuba sabo C2 da sabuwar matatar mai daga aljihuna, na mayar da tsohon kaptansa na asali, na goge lambobi. Da dare na ɗauki Auta muka fita hanyar Dosso har kusa da Kure, fitilu a kunne, shi yana riƙe da balis yana karanto mini lissafi. Ya hau in na taka, ya sauka in na ɗaga ƙafa, yadda Allah ya yi shi.

Saura mai wuyar. Zan iya mayar da motar in ce an gyara, Baba ba zai tambayi yadda aka yi ba. Na kwana ina juya wannan a raina. Da hantsi na sa jika hamsin a ambulan, wato duk abin da na karɓa tun daga ƙonawar dole, na tuƙa motar zuwa gidansa. Na same shi a zaure yana lissafi da wani dillali. Na cire takalma na durƙusa daga bakin ƙofa, na jira har dillalin ya fita.

"Baba, motarku ba ta da ciwon komai. Ni ne na yi kuskure ranar da na ɗaura fitilu. Na haɗa waya inda bai kamata ba. Duk wahalar da kuka sha a hanya daga hannuna ta fito. Ga kuɗinku, ku yi haƙuri."

Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin bai taɓa ba. Ya ce, "Mi ya sa ba ka gane ba tun farko?"

Na ce da rana nake dubawa, ita kuwa sai an kunna fitilun take yi.

"To wa ya gane?"

Na gaya masa yadda aka yi, da ɗaukewar wuta, da sufana lamba goma, har da zagin da na yi wa yaron, don na ga in na rage wani abu ban gama abin da ya kawo ni ba. Baba ya yi wata ƴar dariya ta hanci. Ya buɗe ambulan, ya ƙirga jika arba'in ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya turo mini goma a kan tabarma.

"Wannan ka kai ma yaron. Ka ce in ji ni."

Kwana biyu bayan nan wayata ta yi ƙara ƙarfe biyar saura na asuba. Na ga sunansa, cikina ya ɗuri ruwa. Ina ɗauka na ji ƙugin inji da iska.

"Mun wuce Dosso tun ɗazu. Hitilun na kunne, ba ta rubuta komi ba. Amma madubin gefen nan na hagu ya daina motsi, in na dawo ka duba shi."